Ƙarafa Shida Masu Tsada Da Ke Cikin Wayar Salula, Da Dalilin Da Ya Sa Ake Sayen Wayar Da Ta Mutu

Duk wanda ke zuwa kasuwa a Sabon Birni ko Isa, ko ya taɓa shiga kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, ya san masu sayen wayar da ta mutu. Ba ruwansu da gilashin da ya fashe ko batirin da ya kumbura. Injin wayar suke so, wato koren allon nan da ke ciki. Haka ma a garejin bakanike, akwai masu bin wani abu da ke cikin salansar mota wanda ake kira "indomi", kuma kuɗin da suke bayarwa a kansa yakan ba mai mota mamaki.

Wani ɓangare na wannan ciniki don kayan gyara ne. Amma babban abin da ke jan sa shi ne zinare, azurfa, jan ƙarfe, da wasu ƙarafa guda shida da masana ke kira dangin filatinam: filatinam, faladiyam, rodiyam, iridiyam, ruteniyam da osmiyam. A tare ake samun su a cikin dutse, kuma halinsu kusan ɗaya ne: ba sa tsatsa, ba sa narkewa da wuri, kuma suna da ƙaranci ƙwarai. A shekara ana haƙo zinare sama da tan 3,000 a duniya. Filatinam bai kai tan 200 ba. Iridiyam kuwa bai kai tan 10 ba, wato abin da duniya ke samu a shekara guda tirela ɗaya za ta kwashe shi, har da sauran wuri.

Aikin da suke yi a waya

Idan aka buɗe waya za a ga wasu ƙananan abubuwa kamar ƙwayar gero, wasu ma ba su kai ba, jere a kan allon. Da yawansu kapasita ne, masu riƙe wuta na ɗan lokaci su sake ta. Waya guda tana ɗauke da ɗaruruwansu, manyan wayoyi har kusan dubu. A da, da faladiyam ake yin siraran shimfiɗun ƙarfen da ke cikinsu. Sai farashinsa ya haura dala 1,000 kan kowace oza a farkon 2001, lokacin da kayan Rasha suka yi jinkirin fitowa kasuwa, kamfanoni suka koma amfani da nikel a mafi yawan kapasitocin. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa allunan tsofaffin na'urori ke da daraja a wurin masu saye. Har yanzu dai ana shafa faladiyam a bakin mahaɗan wuta da kan siraran wayoyin da ke haɗa cif da allo. Ruteniyam kuma yana cikin resista, masu rage ƙarfin wuta.

Labarin iridiyam ya fi daɗi. A wayoyi masu fuskar OLED, sinadaran da ke ba da hasken ja da kore suna ɗauke da shi. Yana kuma da wani aikin da ba ya shiga cikin wayar ko kaɗan. Matashin da ke Kurawa ko wani ƙauye na bakin iyaka ya san yadda waya kan kama sabis na Najeriya yanzu, anjima ta kama na Nijar. Abin da ke taimaka wa waya ta ware zangon da take so daga tarin igiyoyin rediyo da ke yawo a iska wasu ƙananan matatai ne da ake yankowa daga wani lu'ulu'un da ake haɗawa a masana'anta. Ana narka kayan haɗin lu'ulu'un a zafin da ya wuce digiri 1,600 na ma'aunin Selshiyas, kuma tukunyar da ke jure wannan zafi ba tare da ta gurɓata abin da ke cikinta ba, da iridiyam ake yin ta, domin shi sai ya kai digiri 2,446 yake narkewa. Gilashin fuskar waya ma ta cikin kayan aikin da aka lulluɓe da filatinam da rodiyam yake bi lokacin da yake narke.

Me ya sa suka yi ƙaranci haka

Lokacin da duniya ke narke a farkon samuwarta, sama da shekara biliyan 4 da rabi da suka wuce, ƙarfe mai nauyi ya nutse zuwa tsakiyarta. Waɗannan ƙarafa shida suna son manne wa baƙin ƙarfe, don haka kusan dukkansu suka bi shi can ƙasa, inda babu wanda zai taɓa kai musu. Abin da ya rage a ɓawon duniya kaɗan ne: a dutse na yau da kullum sai an niƙa ɗaruruwan tan kafin a haɗa giram 1 na filatinam. Babu kamfanin da zai yi wannan wahala. Dole sai an samu wurin da ƙasa da kanta ta riga ta tattara su.

Ga yadda tattarawar ke faruwa. Narkakken dutse mai tsananin zafi yakan taso daga can ƙarƙashin ɓawon duniya, ya kasa fitowa waje, ya taru a wani babban kogo a cikin ƙasa. A nan zai yi dubban shekaru yana hucewa a hankali. Kamar yadda gasara ke kwanciya a gindin roba ruwa ya taso sama, haka ma'adanai masu nauyi ke riga sauran daskarewa su kwanta, shimfiɗa a kan shimfiɗa. Idan akwai isasshiyar farar wuta a cikin narkakken dutsen, sai ta haɗu da baƙin ƙarfe, nikel da jan ƙarfe, su ware su zama ƙananan ɗigo-ɗigo, yadda mai ke warewa daga ruwa. Waɗannan ɗigo su ne sirrin. Dangin filatinam sun fi son zama a cikinsu sau dubbai a kan zama cikin sauran narkakken dutsen. Yayin da ɗigon ke nutsewa yana tsintar su, kamar curin fura da ake mirginawa cikin gari, har ya je ya kwanta a shimfiɗa guda siririya.

Wannan haɗuwar sharuɗɗa ba ta faru a wurare da yawa ba. Mafi girma shi ne Bushveld a arewacin Afirka ta Kudu, wanda ya samu kimanin shekara biliyan 2 da suka wuce. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 66,000, wato ya ninka jihar Sakkwato fiye da sau biyu, kaurinsa kuma ya kai kilomita 7 zuwa 9 a wasu wurare. Amma a duk wannan tulin dutse, shimfiɗar da ta fi shahara, wadda ake kira Merensky, sau da yawa kaurinta bai kai mita 1 ba. An gano ta a 1924, aka sa mata sunan masanin duwatsu Hans Merensky, ko da yake wani manomi mai neman ma'adinai, Andries Lombaard, shi ya fara tsintar ƙwayoyin filatinam a rafin gonarsa. A ƙarƙashinta akwai wata shimfiɗar baƙin dutse mai suna UG2, wadda a yau ake haƙa sosai. Kimanin kashi 70 cikin 100 na filatinam da ake haƙowa a duniya daga Afirka ta Kudu yake fitowa.

Sauran wuraren ana iya ƙirga su da yatsun hannu ɗaya: Norilsk a can arewacin Rasha mai ƙanƙara, inda kusan kashi 40 cikin 100 na faladiyam ke fitowa, wani dogon zirin dutse mai tsawon kilomita 550 da ya ratsa Zimbabuwe, Stillwater a Amurka, sai Sudbury a Kanada, inda wani ƙaton dutse daga sararin samaniya ya faɗo shekara biliyan 1.85 da suka wuce ya narka ƙasar wurin.

To ƙasar Gobir fa?

Tambaya ce da ta dace, ganin cewa Zamfara mai zinare tana maƙwabtaka da Isa, kuma bidiyon masu nuna farin dutse mai ƙyalli suna cewa sun tsinci arziki ba ya yankewa a TikTok da Facebook.

Ƙasar Sabon Birni da yawancin jihar Sakkwato tana kan abin da masana ke kira kwarin Sakkwato, wani yanki na babban kwarin Iullemmeden da ya miƙe har cikin Nijar da Mali. Duwatsun wannan kwari ba daga narkakken dutse suka samu ba. Yashi ne, laka da tsakuwa da koguna, tafkuna da teku suka jibge, suka daskare. Shimfiɗar da ke can ƙasa masana sun sa mata sunan Gundumi, sunan da duk mutumin Isa da Sabon Birni ya sani. Daga baya, kimanin shekara miliyan 70 da suka wuce, wani reshen teku ya ratso ta inda Sahara take a yau ya rufe yankin. A duwatsun wannan zamani aka tono ƙasusuwan wani ƙaton dabban ruwa mai kama da kada, aka sa masa suna Goronyosaurus, daga sunan Goronyo. Dutsen da ake yin siminti da shi a Kalambaina ma ragowar halittun teku ne.

Irin wannan ƙasa tana ba da dutsen siminti, yumɓu, ruwan rijiya da tama, wadda maƙeran ƙasar Hausa suka daɗe suna narkawa. Ba ta ba da filatinam. Gabas da kudu da Isa, wajen Zamfara, ana fita daga kwarin a hau tsoffin duwatsun da ke ɗauke da zinaren Anka da Maru, amma shi zinaren ruwan zafi ne na ƙarƙashin ƙasa ya ajiye shi a tsagogin dutse, hanya ce daban da ta Bushveld. Babu mahaƙar dangin filatinam ta kasuwanci a Najeriya.

Akwai dai wata alaƙa mai ban sha'awa. A 1980 masana ƙarƙashin Luis Alvarez da ɗansa Walter suka bayyana cewa akwai wata siririyar shimfiɗar laka mai shekara miliyan 66 wadda iridiyam ya yi yawa a cikinta fiye da ƙima. Daga nan aka gane cewa wani ƙaton dutse ne daga sama ya bugi duniya. A wannan lokaci ne dangin dabban nan na Goronyo suka ƙare gaba ɗaya.

Mai son gwada dutsen da aka kawo masa da sunan filatinam ya tuna abu biyu. Na farko nauyi: filatinam ya fi zinare nauyi, ya kusa ninka dalma sau biyu. Idan aka cika ledar fiya wata da shi, za ta haura kilo 10. Na biyu, kuma mafi muhimmanci, dutsen da ake haƙowa a Bushveld ba ya nuna komai. Baƙi ne ko toka-toka, ƙwayoyin ƙarfen da ke ciki sun fi gashin kai siranta, sai da madubin ƙara girma ake ganin su. Dutsen da ke walƙiya a rana har ya ɗauki ido, kusan ko da yaushe wani abu ne mai arha.

Daga dutse zuwa ƙarfe

A tan guda na dutsen Bushveld, giram 3 zuwa 6 ne kawai na duka ƙarafan shida a haɗe. Kafin a samu oza ɗaya, wato giram 31, sai an fasa dutse kimanin tan 10. Ramukan da yawa sun wuce zurfin kilomita 1, akwai wanda ya haura 2, kuma saboda shimfiɗar siririya ce, ma'aikata a durƙushe suke aiki cikin zafi. Rikicin albashi a wannan sana'a ne ya kai ga abin da ya faru a Marikana ranar 16 ga Agusta, 2012, inda 'yan sanda suka harbe ma'aikatan mahaƙa 34 da ke yajin aiki.

Idan dutsen ya fito sai a farfasa shi, a niƙa har ya zama gari, a dama da ruwa. Daga nan a zuba wasu sinadarai da ke manne wa ƙwayoyin da ke da farar wuta su sa su ƙin ruwa, sannan a hura iska daga ƙasan tanki. Kumfa na tasowa, ƙwayoyin masu amfani na maƙale da ita, sai a yaɗe ta daga sama, tarkacen ya zauna a ƙasa. Da wannan dabara giram 4 a tan kan koma giram 100 ko fiye.

Sai a busar da abin da aka yaɗe, a zuba shi a tanderun lantarki mai zafin kimanin digiri 1,500. A nan ana maimaita abin da ƙasa ta yi shekara biliyan 2 da suka wuce: ruwan ƙarfe mai farar wuta ya nutse da ƙarafan masu tsada, kashin dutse ya taso sama a zubar. A wani tanderun kuma a hura iskar oksijin don ƙone farar wuta da fitar da baƙin ƙarfe. Waɗannan tanderu suna shan wuta ba kaɗan ba. A Janairun 2008, da ƙarancin lantarki ya tilasta wa mahaƙun Afirka ta Kudu tsayawa na 'yan kwanaki, farashin filatinam ya tashi har ya wuce dala 2,200 kan oza a watan Maris. Ɗauke wuta a ƙasa ɗaya ya girgiza kasuwar duniya.

Bayan an cire nikel, jan ƙarfe da kobalt, abin da ya rage ɗan kaɗan ne, amma kusan rabinsa dangin filatinam ne da zinare. A nan wahalar gaske take, domin raba 'yan uwa shida masu hali iri ɗaya ba wasa ba ne. Ana narka su a asid mai ƙarfi da iskar kulorin, a bi su ɗaya bayan ɗaya da sinadarai daban-daban. Filatinam da faladiyam sukan fito da wuri. Rodiyam da iridiyam masu taurin kai ne, ko haɗin asid ɗin nan da ke narka zinare ba ya cin su da sauƙi. Daga ranar da aka fasa dutse zuwa ranar da ƙarfe na ƙarshe ya fito tsantsa, ana iya shafe wata shida.

Ma'adinin da ya fi kusa

Hukumar kare muhalli ta Amurka ta taɓa ƙiyasta cewa a wayoyi miliyan ɗaya akwai faladiyam kimanin kilo 15 da zinare kilo 34. Wato waya guda tana da faladiyam miligiram 15. Idan oza tana dala 1,000, wannan bai kai rabin dala ba, kuma wayoyin yanzu da yawa ba su kai haka ba. Amma a juya lissafin. Wayoyi masu nauyin giram 150 sai an tara sama da 6,000 su yi tan guda, kuma a wannan tan akwai faladiyam kusan giram 100 da zinare sama da giram 200. Dutsen Bushveld giram 3 zuwa 6 ne. Tulin matattun wayoyi ya fi dutsen mahaƙa mafi arziki a duniya albarka nesa ba kusa ba. Ribar a tarawa take, shi ya sa mai saye a ƙauye ke ba da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ya kai wa dila a birni, dila ya tara buhu-buhu, daga ƙarshe kayan su isa manyan matatu irin ta Umicore da ke Hoboken a Beljiyam.

"Indomi" na mota ya fi waya nauyin kuɗi. Wani tubali ne mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma, an shafe shi da 'yan giram na filatinam, faladiyam da rodiyam. Aikinsa mayar da hayaƙi mai guba, irin kabon monoksayid, zuwa mai sauƙin illa. Tun 1975 aka fara sa shi a motocin Amurka, kuma a yau shi ne ya fi cinye waɗannan ƙarafa uku a duniya. A Maris 2021 rodiyam ya kusa dala 30,000 kan oza, satar wannan tubali ta yi ƙamari a ƙasashe da dama. Zuwa 2023 farashin ya faɗo ƙasa da dala 5,000. Mai sayen mota 'yar Kwatano ya kamata ya sa a duba masa ko yana nan. Wanda kuma aka ce masa a cire don mota ta ƙara gudu, ya sani cewa abin da za a cire ɗin kuɗi ne, kuma hayaƙin da zai riƙa fita daga baya shi da iyalinsa za su fara shaƙa.

Inda haɗarin yake shi ne bidiyoyin da ke koya wa matasa ciro zinare da faladiyam a gida. Ƙona allon waya yana fitar da hayaƙi mai guba daga roba da dalmar da aka yi walda da ita a tsofaffin na'urori. Haɗa asid a ɗaki yana fitar da iskar da ke ƙona huhu, kuma ruwan da aka zubar bayan an gama yana bin ƙasa zuwa rijiya. Gishirin filatinam da ke samuwa idan an narka shi a asid yana jawo asma, har ma'aikatan manyan matatu masu kayan kariya suna fama da shi. Mutanen wannan yanki ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani kan sarrafa ma'adinai a tsakar gida: a 2010 gubar dalma daga niƙan dutsen zinare ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Bagega, Dareta da 'Yargalma. Ga shi kuma ko an jure duk wannan, filatinam sai digiri 1,768 yake narkewa, zafin da wutar maƙera ba ta kaiwa, miligiram ɗin da ke cikin wayoyi goma ko ashirin kuwa ba zai biya kuɗin asid ba.

Sayar da matacciyar waya ga mai tarawa ya fi jefa ta a bola ko masai. Sai dai wayar da ta ƙi kunnuwa ba lallai ne ma'ajiyarta ta mutu ba. Mai gyara da ya ƙware zai iya tayar da allon, kuma hotuna, lambobi da saƙonnin banki suna nan a ciki. Kafin a rabu da ita a cire layi da memori. Idan tana kunnuwa ko da da ƙyar ne, a fita daga asusun Google da WhatsApp da manhajojin kuɗi, a goge komai ta koma yadda ta fito daga kamfani. Idan ba ta kunnuwa sam, a shiga asusun Google daga wata wayar a cire ta daga jerin na'urori, a canja kalmar sirri. Batirin da ya kumbura kuma kada a huda shi ko a sa shi a wuta. A ajiye shi cikin gwangwani mai yashi, nesa da yara, har a samu mai karɓa.